Wata bakwai na ɓace daga guruf ɗinmu na afiliyet, ga yadda aka karɓe ni da na dawo

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da na koma ɗora kaya a sitatus mutane ke ta bina da tambaya wai wannan guruf ɗin na afiliyet da nake ciki na gaskiya ne ko irin na cinye kuɗin mutane ne, wata ma har gida ta tako ta same ni ina wanki, to bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya shi yasa nace bari in zauna in rubuta abun da na gani da idona, mai daɗin da mara daɗin. Bazan kama sunan wajen ba saboda akwai ƙorafin da zanyi kuma bana so ya zama tonon silili, wadda ta sanni ta san inda nake nufi, ofis ne ɗan ƙarami a saman bene ta wajen Unguwan Sarki a Kaduna.

Ga wadda bata san harkar ba, dillanci ne fa, a waya dai ake yinshi. Kamar yadda dillaliya ke ɗaukar zannuwa ta zaga gidaje ta samu la'adarta, sai dai ke nan ba kya ɗaukar kaya a ka kuma ba kya zuba jari. Linki ake baki mai ɗauke da lambarki, duk wanda ya bi ta nan ya saya sai na'ura ta rubuta cewa ta hannunki ya zo, a cire miki kamasho. Ba yau aka fara ba, Amazon tun 1996 suke nasu, a nan gida Jumia ma sun yi tsarin, Selar ma haka ta ɓangaren kwasa-kwasai da littattafan da ake karantawa a waya. Namu kuwa Antin da ta kafa shi ce ta ƙulla da 'yan kasuwar cikin gari, akwai mai kayan kicin a Kasuwar Gumi, akwai masu atamfa da leshi, da wata mai turaren wuta da humra a Barnawa. Su ke tura kaya, mu namu talla.

Farkon 2024 na shiga kuma ina taɓawa ba laifi, kuɗin data da na sabulu da ɗan adashe bana roƙon kowa. Sai a watan Nuwamba ciki ya juya min, jini ya hau ƙafafu suka kumbura likita yace kwanciya kawai, ana cikin haka ranar da nake dawowa daga awo aka zare min waya a cikin keke napep, ban ma ji ba sai da na sauka na laluba jaka zan biya. Daga baya na lallaɓa naje nayi welkam bak ɗin layina da NIN na saka a 'yar ƙaramar waya mai tocila, shikenan ni da intanet muka rabu. Fabrairu aka min aiki aka ciro yarinya, aka wuce dani Rigasa gidan Mama wankan jego. Azumi da ƙaramar sallah, wanda duk mai wannan sana'ar ya san nan ne kakarmu, suka wuce ina kwance.

Abun da ya fi ci min rai banyi sallama da kowa ba. Akwai mata biyu da suka yi oda ta hannuna, ɗaya setin tukwane ɗaya atamfa turmi biyu na biki, na barsu a rataye. Anti ta kira lokacin layin na kashe, da ta gaji ta aiko wata 'yar guruf da ke Tudun Wada ta nemo gidanmu, bata same ni ba ta bar saƙon gaisuwa wajen ƙanwar maigidan. Da saƙon ya iso ni maimakon in kira sai kunya ta ƙara rufe ni, kullum ince gobe, goben nan har ta kai wata bakwai.

Bayan babbar sallah maigidan ya sayo min waya. Na sauke WhatsApp na saka lambata na tarar da shi wayam, ba guruf ko ɗaya ba hira ko ɗaya, ashe idan aka yi wajen kwana 120 ba'a hau ba goge asusun suke yi. Na zauna bakin gado yarinya na tsotso ina kallon farin allo, hawaye na zuba, a raina nace to wannan babin kam ya rufe.

Daren ranar wajen tara da rabi saƙon murya ya shigo daga Anti, ko hoto ban saka ba tukuna. Har yanzu yana nan ban goge ba. Cewa tayi, "Ƙanwata, ashe ke ce? Barka da arziƙi, Allah ya raya mana. Ya jikin naki, ɗinkin ya warke? Kar ki min maganar aiki yau, muryarki kawai nake son ji." Na ɗauki waya na fara bada haƙuri ina kame-kame ta katse ni tace Asabar in jiki ya yarda in shigo ofis da 'yarta ta ganta.

Wannan Asabar ɗin ita ce dalilin rubutun nan gaba ɗaya. Na hau benen da ƙyar ina dafa bango saboda wajen aikin bai gama saki na ba, ba wuta, fanka mai caji ce ke ta juyi a kan tebur. Anti ta kwance min goyon da kanta ta ɗora yarinyar a cinya, da hannu ɗaya ta buɗe laftof ta juyo min shi tace duba sunanki. Ga dashbod ɗina, wato shafin da ke nuna cinikina, nan yadda na barshi, da kamashona naira 23,400 da ban cira ba, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Sai ta jawo wani babban littafi mai baƙin bango ta buɗe shafin Nuwamba ta nuna min odar matan nan biyu, tace wata 'yar uwa ce ta bi su har kaya suka isa, saboda haka kamashon waɗannan biyun ita aka ba, "kinga ita ta sha ranar, ko kina da ja?" Nace wallahi Anti ba ni da ja, ko duka aka bata ta ci halas. Na ji daɗin da ta faɗa min a fili ba ta bari na gano da kaina ba. Kafin in sauko daga benen alat ya shigo OPay ɗina, kuma ba'a ce in sake biyan kuɗin rijista ba.

Ta taɓa faɗa mana a aji cewa a Amazon sabon shiga in bai sayar da abu uku cikin kwana 180 ba rufe mishi asusu ake yi, na'ura ce, bata san jego ba bata san asibiti ba. Ranar na tuna maganar.

Daga nan ta zaunar dani kusan awa biyu tana lissafo min abun da ya canza bayana, kuma nan ne na san ba karɓar baki kawai aka min ba. Tsofaffin linkina rabi sun mutu saboda 'yan kasuwa biyu sun fita, farashi duk ya tashi, tace kar in kuskura in ɗora tsohon hoto da tsohon kuɗi in jawo wa kaina rigima. Tace tun da hukumar sadarwa NCC ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025 mutane sun rage buɗe bidiyo, mace zata ga sitatus ɗinki yana juyi ta wuce dan kar ya sha mata data, saboda haka hoto ɗaya mai kyau mara nauyi da farashi a jiki ya fi bidiyo biyar. Sannan tun da CBEX ya rufta da kuɗin jama'a a watan Afrilu duk wanda ka tura wa linki kallon ɗan damfara yake maka, dama tabon MMM na 2016 bai gama warkewa ba, dan haka yanzu murya ake fara turawa a gaisa, a nuna kayan, in cikin Kaduna ne a ce mata ta biya in kaya sun iso ƙofar gida, linki shi ne ƙarshe. Ni da na dawo da tsohon salona na watsa linki a ko'ina da ba ƙaramin bulok zan sha ba.

Abun da ya fi burge ni taget ɗin da ta bani. Na zata za'a ce in cike gurbin wata bakwai, sai tace sati biyun farko bata son in sayar da komai. Aikina in nemo tsofaffin kwastomomina in gaishe da mutum goma kullum, in tabbatar suna da lambata a waya, saboda burodkas, wato tura saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda, mutum 256 yake ɗauka kuma wanda bai ajiye lambarki ba saƙon bazai je mishi ba, sitatus ma haka sai kun ajiye ta juna, ga shi awa 24 ya ɓace. Lambobin wasu a littafinta na kwafa. Ta haɗa ni da waccan 'yar uwar ta Tudun Wada tace duk abun da ya shige min duhu ita zan fara tambaya, baiwar Allah ko sha ɗayan dare na tura mata saƙo sai ta amsa. A guruf kuwa da aka maida ni layi ɗaya Anti ta rubuta, 'yar uwarmu ta dawo an samu ƙaruwa a mata barka. Ba wanda ya tambaye ni ina na shiga. Na san yadda ake yi a wasu wuraren, a ɗora sunanka a jerin malalata ana tagin ɗinka gaban mutum ɗari wai dan a zaburar da kai, wanda ke fama da jinya ko rashi wannan ba zaburarwa bace, kora ce.

Matan nan biyu na kira su da kaina. Mai tukwanen tace haba Maman Bebi ai lafiya ita ce gaba, har ta sake oda. Mai atamfar ta saurare ni har na gama tace kayanta sai ana gobe biki suka iso, tela bai samu ɗinkawa ba, ta ajiye waya. Gaskiyarta ce, kuma har yau abun na damuna.

To sai ƙorafi, dan ba zan ce muku komai zuma bane. Kamasho ƙarshen wata ake biya a ƙa'ida amma sau biyu tun dawowata yana kaiwa bakwai ko takwas ga wata, ace 'yan kasuwa basu turo ba, mai jego da ke lissafin madara da famfas sati ɗaya ba wasa bane, ya kamata a samu wani asusun da zai riƙa cike wannan giɓin. Na biyu kuma wanda ya fi min ciwo, kwastoma zata ga kaya a wajenki ta yi ta tambaya kwana uku kina amsawa da datarki, daga ƙarshe ta hau napep ta tafi shagon a kasuwa ta saya hannu da hannu, tunda bata bi ta linki ba ke ko sisi. Ya faru dani akan setin kuloli na kayan ɗakin amarya, kamashon da zai min wata guda. Na kai kuka, Anti tace zata yi magana da masu shago a riƙa tambayar wa ya turo ki, har yanzu dai ban ga an fara ba. Ga yawan saƙo a guruf, ka kwanta ka tashi ka tarar da ɗari uku rabi sitika ne, sanarwa mai muhimmanci ta nutse a tsakiya, a raba guruf ɗin hira da na aiki mana dan Allah. Bidiyoyin koyarwa kuma duk da Turanci ne, Hausa sai ranar Asabar a ofis, akwai matan aure da yawa da ba'a barinsu fita kuma Turancin bai zauna musu ba, an barsu a baya. Benen nan ma mai tsohon ciki ko mai ciwon ƙafa ba zata iya ba.

Masu tambaya ko Anti me take samu, tana samu, ita da bakinta ta faɗa tun ranar farko cewa akwai ɗan kason da take ɗauka a duk cinikin da tim yayi, kenan dawowata ita ma ribarta ce, kuma ni ban ga aibu a nan ba tunda bata ɓoye ba. Abun da nake so ku riƙe, a wajenmu ba'a biyan kowa dan ya kawo mutum, sai an sayar da kaya na gaske da za'a iya taɓawa da hannu. Duk inda aka ce miki kawo mutum uku ki samu kaza, ko zuba dubu hamsin ta zama ɗari a wata, tambayi ina kayan da ake sayarwa, ki ga shagon, ki ji ranar biya, ki tambaya in rashin lafiya ta kwantar da ke me zai faru da kuɗinki da ke ciki. Ni ban yi wannan tambayar ta ƙarshe ba lokacin da na shiga, Allah ne ya haɗa ni da masu amana.

Watan farko bayan na dawo abu biyu kacal na sayar, fulas ɗaya da kwalbar humra. Wata na biyu tara. Yanzu na kusa komawa inda nake da, kuma yawanci tsofaffin nan ne da na bi ɗaya bayan ɗaya na gaisar. In tauraro ake bayarwa huɗu zan basu cikin biyar, ɗayan na riƙe sai ranar da aka gyara maganar masu zuwa shago kai tsaye da jinkirin biya. Wadda ke son zuwa ta gani da idonta zaman Asabar sha ɗaya na safe ake farawa a tashi kafin la'asar, a zo da caja da ruwan sha dan wutar wajen bata da tabbas, masu goyo kuma akwai tabarma a gefe da ake kwantar da yara.