Masu safiyon da suka tsara mana filin bayan gari

Mutane sun dame ni da tambayar ya muka ƙare da kamfanin nan na safiyo da ƙungiyar ci gaban garinmu ta ɗauko, to ga abin da na gani da idona, sunansu dai zan bar shi a aljihu tunda akwai inda zan ɗan taɓa su.

Tsohuwar gona ce a bayan gari, magada suka ba da rabi waƙafi, ƙaramar hukuma ta ce za ta karɓi sauran a mai da shi filin jama'a. Shi ke nan fa kowa ya taso da nasa, samari na son filin ƙwallo, liman na son filin Idi, wasu su ce maƙabarta ta cika, 'yan kasuwa kuwa har sun gama lissafin rumfuna a zuci. Shekara biyu ana zama a ƙofar gidan dagaci ana tashi baram-baram.

Ni na ɗauka irin waɗanda muka saba ne, su zo da na'urarsu mai ƙafa uku, su kafa bikon, wato 'yan turakun siminti na alamar iyaka, su karɓi kuɗinsu su kama gabansu. Sai ga shi sun yi kusan sati biyu ko taku ɗaya ba su auna ba, yawo kawai suke suna jin ta bakin mutane. Hoton filin da aka ɗauka daga sama suka bugo ƙato kamar tabarma suka shimfiɗa a ƙasa, kowa ya ɗora tsakuwa a inda yake son abinsa, wallahi har tsofaffin da ba sa magana a taro sai ga su a durƙushe suna nuna inda tsohuwar rijiya take.

Inda suka fi burge ni mata ne. Sun san mace ba za ta buɗe baki a gaban dagaci da surukanta ba, sai ma'aikaciyarsu ta bi su islamiyyar matan aure ta yi zamanta da su daban. A can ne maganar ɗorawoyin da ke cikin filin ta fito, da mu maza mun yanke a sare su don a samu sarari, ashe daga nan rabin matan unguwar gabas ke samun kalwar daddawarsu, ga kukar da suke tsinkar ganyen miya. Ni kaina na ji kunya, kullum ina cin miyar ban taɓa tambayar daga ina ba. Haka suka taka har ruga wajen ardo, shi ya nuna musu burtalin da gonaki suka cinye, a hoto sam ba a ganinsa. Yanzu an bar wa shanu hanyarsu ta gefen arewa zuwa mashaya, da gawon da suke fakewa a ƙarƙashinsa da rani.

Sun kuma yi wa magada bayanin dokar amfani da ƙasa ta 1978 da Hausa tsantsa, cewa ƙasa amana ce a hannun gwamna, ta karkara ƙaramar hukuma ke ba da izininta, diyya kuma ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ba ta tsurar ƙasa ba. Ran wasu ya ɓaci amma gara da suka ji tun da wuri.

Sai laifinsu. Mutanen da ke noma gonar aro da wanda ke riƙe da jingina a cikinta babu wanda ya kira su, sai da wani bawan Allah ya miƙe a taron ƙarshe ya ce shi fa takinsa na bana na cikin ƙasar nan. Taron ma ranar kasuwa suka sa shi, kai jama'a! Rahoton kuma da turanci suka kawo, jibgege, yana nan a durowar sakatare ba mai buɗe shi, kuma kuɗin buga taswira daban suka caje mu bayan ba a faɗa tun farko ba.

In za ku ɗauke su ku ɗauka, amma ku sa a rubuce cewa rahoto da Hausa, kuma a fara da masu noman wurin kafin kowa. Mu dai an kafa bikon, yara sun soma ƙwallo a kudu, mai takin nan kuma an bar shi ya girbe geronsa tukuna.