Haɗa kwamfutar tebur da kanka ko sayen haɗaɗɗiya: amsa ga mai tace bidiyo a Bauchi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka tara 'yan kuɗi, laftof ɗin da kake tace bidiyon biki da suna da ita ta gaji, kana so ka koma kwamfutar tebur a shagonka na Yelwa, amma ka rasa wadda za ka kama: ka sayi kaya ɗaiɗai ka haɗa, ko ka ɗauki wadda kamfani ya riga ya haɗa. Allah ya sa wa nema albarka. A irin aikinka ni haɗawa nake ba ka shawara, sai dai akwai sharuɗɗa, kuma in ba za ka iya cika su ba gara ka bari.

Da farko mu san abin da ake kira haɗaɗɗiya a nan garinmu. Yawancin waɗanda za ka tarar a shaguna ba sababbi ba ne, na ofisoshin Turai da Amurka ne da aka gama amfani da su aka shigo da su: Dell OptiPlex, HP EliteDesk ko ProDesk, Lenovo ThinkCentre. Kada kowa ya raina su. An ƙera su ne don su wuni a kunne, ba su cin wuta sosai, ba su da ƙara, kuma galibi lasisin Windows yana cikinsu tun daga kamfani. Wanda aikinsa buga takardu ne, ko cike fom na makaranta, ko horar da yara jarrabawar JAMB, ko lissafin shago, wallahi ba shi da dalilin wahalar da kansa da haɗawa. Ya sayi ɗaya daga cikin waɗannan, ya sa mata SSD (ma'ajiyar fayil mai sauri fiye da hadis) in ba ta da shi, ya ƙara RAM (inda take riƙe aikin da ke hannu), ya ci gaba da harkarsa. Kuɗin da zai kashe wajen haɗa sabuwa mai irin wannan ƙarfi ya fi haka nesa ba kusa ba.

Abu guda kawai zai kula da shi, kai ma ka riƙe shi. Mai shago zai ce maka "ai Core i7 ce", kamar maganar ta ƙare ke nan. Ka tambayi zangon firosesan, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ka san na wace shekara ne. I7-3770 ta 2012 ce, i7-4770 ta 2013, kuma ƙaramar i3-12100 da ta fito a 2022 ta fi su gudu. Lambar da ke biye da ɗan layin ita ke faɗa maka zangon. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 a hukumance yana neman Intel zango na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da abin tsaron nan TPM 2.0. Don haka i5-8500 ita ce kusan ƙasan abin da zan yarda wani nawa ya saya a yau.

To me ya sa kai ban tura ka can ba? Saboda tace bidiyo aiki ne mai girma kullum. Bana kwastoma ya yarda da 1080, baɗi ya ce shi 4K yake so don ya ga na abokinsa. Waɗannan na ofis kuwa an yi su ne a rufe. Akwatin siriri ne, katin hoto na sosai, wato abin da ke sarrafa hoto da bidiyo, ba ya shiga sai gajeren nan. Fawa-fak ɗin da ke ciki, wato abin da ke raba wa kayan wuta, sau da yawa bai kai wat 300 ba, kuma kan wayarsa ba irin na kowa mai fil 24 ba ne, nasu ne na kamfani, ba za ka shiga kasuwa ka ɗauko wani babba ka maye gurbinsa cikin sauƙi ba. Ramin da ake soka katin hoto wat 75 kawai yake bayarwa. Katin GTX 1650 gajere zai iya rayuwa a haka, amma RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170, kuma NVIDIA da kanta fawa-fak mai wat 550 ta ce a haɗa shi da shi. Ka ga ranar da aikinka ya fi ƙarfin kwamfutar, ba gyara za ka yi ba, sai dai ka sayar ka sake sabon lale.

Akwai kuma haɗaɗɗun da 'yan kasuwa ke haɗawa da kansu, masu gilashi a gefe da fitilu kala-kala. Wasu na da kyau. Amma a tallar firosesa da katin hoto kawai ake ambata, ribar kuwa a inda ba ka duba ake cire ta: fawa-fak marar suna, RAM sanda ɗaya tak, SSD ɗin da ba ka taɓa jin kamfaninsa ba. Sabuwa ta babban kamfani a kwali tana da garanti a wuri ɗaya, wannan alheri ne na gaske, sai dai ka tambaya tun kafin ka biya: in ta lalace ina za a kai ta, wa zai biya kuɗin mota, mako nawa za ka zauna babu aiki?

Amfanin haɗawa shi ne kai ke cewa ga inda kowace naira za ta shiga. Misali, ka ɗauki firosesa Ryzen 5 5600 a kan madabod, wato babban faifan da ake soka duk kayan a jikinsa, mai mazaunin AM4. Wannan mazauni AMD ta fito da shi tun 2016, kayansa sun cika kasuwa, RAM ɗinsa DDR4 ne. Ka sa 16GB a sanda biyu, 8 da 8, domin biyu suna aiki tare sun fi guda ɗaya mai 16 sauri. In 4K ce a gabanka ka nufi 32. SSD irin NVMe don Windows da aikin da ke hannu, sannan babban hadis daban don ajiye bikin mutane, saboda amarya takan dawo bayan shekara ta ce wayarta ta ɓata. In kuɗi bai kai katin hoto ba yanzu, ka ɗauki 5600G mai hoto a jikinsa, ka fara aiki, ka sa katin daga baya. Ka lura fa, 5600 marar G ba ya nuna komai a allo sai da kati, haka ma na Intel masu F a ƙarshen lamba. Mutane da yawa sun haɗa komai daidai, sun kunna, allo ya tsaya baƙi, sun zaci an sayar musu da matacce, alhali wannan ne kawai.

Haɗawar kanta ba ita ce wahala ba. Sukundireba ɗaya da natsuwa sun isa. Firosesa yana da ɗan alamar kusurwa uku a gefe, ka daidaita shi da na mazaunin, ka sake shi ya zauna da kansa. In sai ka danna, to ba daidai yake ba, kuma filolin AM4 a jikin firosesan suke, siraran gaske, suna lanƙwashewa. Man da ake shafa masa kafin a ɗora fanka ɗan ɗigo ne a tsakiya. RAM kuwa sai ka ji ya ce ƙas, maƙallan sun rufe. Kada ka manta da 'yan ƙusoshin da ke ɗaga madabod daga jikin akwati. Abin da ya fi cin rai shi ne ƙananan wayoyin makunni da fitilar gaba, waɗannan sai ka buɗe littafin madabod ɗin ka bi hoto.

Wahalar gaskiya ita ce nisa. Wanda ke Legas in RAM ya ƙi aiki zai hau mota zuwa Computer Village a Ikeja ya canza kafin la'asar. Kai kuwa kayanka daga can za a sako su a mota, ko daga Banex a Abuja, ko daga Kano. Ka haɗa, ta ƙi tashi, ba ka da wani RAM ko wani fawa-fak da za ka gwada ka gane mai laifi. Ka kira mai madabod ya ce firosesa ne, ka kira mai firosesa ya ce wutarku ce ta ƙona shi. A nan haɗaɗɗiya ta fi, ba ko tantama: mutum ɗaya ka sani, shi za ka riƙe. Maganin da na sani shi ne ka sayi firosesa da madabod da RAM a hannun mutum ɗaya, ya haɗa su a kan tebur ya kunna kana gani ta bidiyo kafin ya naɗe, ku kuma yi yarjejeniyar kwanakin mayarwa a rubuce. Wannan zai kuma raba ka da wata matsala: tsofaffin madabod irin B450 sai an sabunta musu BIOS, wato manhajar da ke jikinsu, kafin su karɓi Ryzen 5000. In katin hoto na hannu za ka saya, a sa shi aiki mai nauyi na ɗan lokaci a ga zafinsa da fankokinsa, domin da yawa an yi haƙar kirifto da su dare da rana. Manhajar CPU-Z za ta nuna maka ainihin abin da ke ciki, CrystalDiskInfo kuma ta faɗa maka awa nawa hadis ko SSD ya yi yana aiki. Duk kyauta ne.

Sai maganar wuta, wadda ita ce babban sharaɗina. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar laftof ɗinka. Kana tsakiyar fitar da bidiyon awa biyu aka ɗauke wuta, aikin ya tafi, wani lokaci har da fayil ɗin. Kuɗin UPS, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ka fara cirewa gefe kafin ka lissafa komai. Kuma kada a ruɗe ka da lambar da ke jikin kwalin: 650VA ba wat 650 ba ne, abin da yake ɗauka bai kai wat 400 ba, kwamfuta mai katin hoto tana tsakiyar aiki za ta iya kayar da shi. Ka nemi 1500VA ko kusa da haka. Fawa-fak kuma a nan ne araha ba ta ado. Ka sayi mai suna irin Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus, wanda aka rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240, saboda wutarmu 230 ce a takarda amma kowa ya san yadda take sauka da yamma. Marar kyau in zai mutu yakan tafi da madabod. Ga masu sayen tsofaffin na Amurka kuma, ku duba bayansu: wasu suna da ɗan jan makunni mai 115 da 230, in yana kan 115 aka jona a nan, nan take zai yi hayaƙi. In da sola kake aiki, ka zauna da wanda ya haɗa maka ku yi lissafi, domin wadda za ka haɗa za ta iya cin ninki uku ko huɗu na ƙaramar ta ofis idan tana cikin aiki.

Ƙura da zafi ba ruwansu da wadda ka zaɓa, amma mai haɗawa yana da zaɓin akwati. Ka bar mai gilashi a gaba, ka ɗauki mai raga da matacin ƙura da ake zarewa a wanke, da fanka biyu a gaba ɗaya a baya. Ka ɗora ta a kan tebur, ba ƙasa ba. In hunturu ya wuce ka buɗe ta ka hure da abin hura iska, kana riƙe da fankokin da yatsa don kada su yi ta juyawa, kafin zafin Maris da Afrilu ya same ta a toshe.

Idan hannunka na rawa, ba dole sai kai za ka ɗaura ƙusa ba. Ka zaɓi kayanka da kanka, ka kai wa mai gyaran da ka yarda da shi, ka biya shi ladan aikinsa ya haɗa kana zaune, kwalayen kuma ka tafi da su gida saboda garanti. Kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka rubuto mana sunan kowane kaya da cikakkiyar lambarsa, da manhajar da kake aiki da ita, Premiere ce ko DaVinci Resolve, domin Resolve ta fi dogara da katin hoto, kuma wannan zai canza yadda za a raba kuɗin.