Manhajar da na biya don in riga kowa jin labarin korar koci, ƙanena na Kano ne ya riga ta

Tauraro biyu na ba su. Da farko ɗaya na danna, har zan tura sai na tuna da wani dogon rubutu nasu da ya hana ni barci wata ranar Asabar, shi ne na ƙara ɗaya, amma wallahi har yanzu gani nake alfarma na yi musu.

Ba sai na kira sunanta ba, masu bin NFL, gasar ƙwallon Amurka, sun san ta, ita ce mai tallan nan cewa kafin koci ya gama kwashe kayansa daga ofis wayarka ta riga ta yi ƙara. Kuɗin shekarar ma kun san shi, ba zai sa mutum kwana da yunwa ba amma ga mai aikin dare irina ba kuɗin wasa ba ne. Kuma ni ba don kallon wasa na biya ba, talabijin na nan. Watan Janairu kawai na saya. Wanda ya saba da gasar Ingila ba lallai ya gane ba, a nan kulob 32 ne kuma babu faɗawa 'yan dagaji, duk lalacewarka baɗi kana nan daram, to fushin mai kulob ba shi da inda zai sauka sai kan koci da janar manaja. Ana buga wasan ƙarshe ranar Lahadi, kashegari da safe a fara rabon takardar sallama, har suna suka sa wa ranar wai Baƙar Litinin.

Ni ɗan Patriots ne. Tunda na zo Massachusetts ban san wani koci ba sai Bill Belichick, tsohon nan mai riga mai hula da yankakken hannu da ba ya dariya ko an ci kofi. Ranar Lahadi 7 ga Janairun 2024 Jets suka zo har gida Foxborough cikin dusar ƙanƙara suka doke mu 17 da 3, Jets ɗin da muka ci sau 15 a jere fa, muka rufe kaka da nasara 4 da rashin nasara 13. A daren kowa ya san akwai magana. A daren na ciro kati na biya.

Kwana ukun farko sai yabo. Atlanta ta sallami Arthur Smith cikin dare, wayata ta yi ƙara ina wajen aiki. Gari na wayewa Washington ta sallami Ron Rivera, ta yi ƙara. Talata Tennessee ta kori Mike Vrabel, abin da ya ba mutane da yawa mamaki, ni na fara gaya wa wani Bature abokin aikina da yake ganin shi ne malamin ƙwallon nan, ya ce ƙarya ne sai da na nuna masa. Laraba kuma Pete Carroll ya sauka daga Seattle bayan kaka 14. Na ce a raina kai kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai Alhamis, 11 ga wata.

Na dawo gida wajen shida da rabi, na yi sallah, na sha shayi, na ƙure ƙarar wayar na ajiye ta dab da kunnena a kan filo. Uwargida tana shirya yara makaranta ta leƙo ta ce Baban yara wai wayar nan ce za ta hana ka barci ko kai ne za ka hana ta. Na ce ki bar ni, yau ko gobe za a yi ta ta ƙare. Na kwanta da niyyar da ta yi ƙit zan tashi. Shiru. Ban farka ba sai wajen sha ɗaya, kuma ba manhajar ce ta tashe ni ba, saƙon murya ne na WhatsApp har guda uku daga ƙanena da ke Kano, yaron da bai san ko mutum nawa ake sawa a fili a wasan nan ba, shi dai zari-ruga yake ce masa duk bayanin da na yi. Ina jin ƙarar adaidaita sahu a bayansa yana cewa, Yaya ina wuni, ya sanyi, Yaya wai da gaske an kori Wenger ɗinku na zari-ruga, na gani a Facebook tun bayan azahar na ce bari in yi maka jaje. Saƙo na biyu dariya ce zalla. Na ukun kuma wai Yaya ka yi haƙuri mu ma haka muka ji a 2018.

Na buɗe manhajar hannuna na rawa. Labarin sama har lokacin na Carroll ne, na jiya. Na ja allon ƙasa ya yi ta juyawa ya dawo da Carroll. Na fita na sake shiga, Carroll. Na kashe intanet ɗin gida na kunna data, Carroll yana min murmushi yana taunar cingam. Na kunna talabijin sai ga shi kowace tasha maganar kenan tun sassafe, kyamarori sun zuba wa teburin magana ido a filin Gillette, da tsakar rana Robert Kraft mai kulob ɗin Patriots da Belichick suka fito suka ce sun amince su raba gari, tsohon ya yi godiyarsa ya wuce. Kaka 24, kofin Super Bowl 6, nasara 333 a duk rayuwarsa ta babban koci in an haɗa da na zagayen kofi, saura 14 ya kamo Don Shula, kocin da ya fi kowa nasara, mai 347. Labarin da ya fi kowanne girma a shekarar, a jihar da nake zaune, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba daga ɗakina, kuma wanda ya kawo min shi yana bakin titi a Kano tsakaninmu awa shida.

Kun san yaushe ta yi ƙara? Bayan la'asar, ina cin abinci. Har da jan rubutu wai da ɗumi-ɗumi. Ihu bayan hari. Uwargida ta ce to ga ta nan ta tashi, a kawo mata shayi?

Na rubuta musu imel a ranar, cikin ladabi da farko. Amsar da ta dawo cikin minti ɗaya ka san inji ne, wai in duba ko na kunna sanarwa a saitin wayata. Wayar da ta yi ta ihu kwana uku a jere! Na sake rubutawa da hoton allo da lokaci a jiki. Bayan kwana huɗu wani ya amsa cewa cunkoso ne ya yi musu yawa a safiyar kuma sun ƙara min wata ɗaya kyauta. To ai cunkoson shi ne sana'ar taku. Ranar da babu cunkoso ba na buƙatarku, kowa ma zai iya gaya min an ɗauki mataimakin mai horar da masu bugun ƙwallo sama. Watan kyautar ma ban taɓa ganin inda ya shiga ba, zan zo kan wannan.

Amma in faɗi gaskiya, kashegari Juma'a da aka naɗa Jerod Mayo sabon kocin Patriots sun kawo a kan lokaci, kuma su ne suka warware min abin da ya ɗaure min kai. Na san akwai dokar Rooney tun 2003 da ke tilasta wa kulob ya yi hira da 'yan tsiraru kafin ya ɗauki babban koci, to ya aka yi cikin kwana ɗaya aka gama? Ashe tun tuni an rubuta a kwantiragin Mayo cewa shi ne magaji kuma an sanar da hukumar gasar, don haka ba sai an kira kowa ba. Su ne kuma suka fahimtar da ni cewa tafiyar Belichick kujera biyu ta bari, don shi ne koci kuma shi ne mai ta cewa kan wanda za a saya da wanda za a zaɓo daga jami'a, abin da a yawancin kulob aikin janar manaja ne. Aka zaɓo ɗan wasa Drake Maye a lamba 3 cikin Afrilu, sai a watan Mayu aka tabbatar wa Eliot Wolf babban muƙamin kula da 'yan wasa. Irin wannan bayani a natse sun iya shi, ba zan ci haƙƙinsu ba.

Abin da ba su iya ba shi ne bambance babba da ƙarami. Bayan sun yi barci a ranar da ta kamata sai suka koma kamar suna rama bashi. An nemi izinin hira da wane, ƙara. Wane ya gama hira ta biyu, ƙara. Belichick ya gana da Atlanta sau biyu, ƙara da ƙara, ƙarshe Raheem Morris suka ɗauka. Naɗin Jim Harbaugh a Chargers da ɗaukar wani mataimaki na uku duk sauti ɗaya ne, jan rubutu ɗaya. Babu wajen da za ka ce babban koci da janar manaja kawai nake so, ko dai ka kunna duka ko ka kashe duka. Sai da ta yi min ƙara ana tsakiyar huɗuba na ga idon wani dattijo a kaina sannan na kashe ta gaba ɗaya, daga Fabrairu har ƙarshen shekara.

Rubutun da ya samo musu tauraro na biyu kan ƙaurar kulob ne daga gari zuwa gari, abin da har yau in na gaya wa mutanenmu sai su ce wasa nake. Na fara karantawa bayan isha'i ban ajiye ba sai wajen ɗaya. A ciki na san cewa Colts cikin dare suka loda kayansu a manyan motoci a watan Maris na 1984 suka bar Baltimore zuwa Indianapolis, mutanen gari suka wayi gari ba kulob. Na san cewa Belichick ɗin nan shi ne kocin Cleveland Browns lokacin da mai kulob ɗin Art Modell ya sanar a Nuwamban 1995 zai kwashe kulob ɗin zuwa Baltimore ana tsakiyar kaka, wasa ya watse musu suka gama da nasara 5 kacal, aka sallame shi a Fabrairun 1996 kafin a zama Ravens, su kuma mutanen Cleveland aka bar musu suna da launin riga har aka dawo musu da sabon kulob a 1999. Abin da ya fi tsaya min shi ne mu ma da ƙyar muka sha, Kraft da kansa ya sa hannu a 1998 zai mai da Patriots Hartford a jihar Connecticut, sai a 1999 ya janye. Na tura wa ƙanena sashen Stan Kroenke don in rama, na ce mai Arsenal ɗinku ne ya ɗauke Rams daga St. Louis a 2016 ya kai Los Angeles, garin ya kai ƙara har aka sasanta a kan dala miliyan 790 a 2021, ka yi addu'a kada wata rana ka tashi ka ji Arsenal ta bar Landan. Ya yi shiru kwana biyu.

To amma ko a nan sai da suka ɓata min rai. A cikin rubutun sun yi bayani tiryan-tiryan cewa Raiders sun koma Las Vegas a 2020, ka danna taswirar kulob-kulob a manhajar ɗaya, ga alamar Raiders nan zaune a Oakland. Shekara huɗu. Na gaya musu wannan ma, inji ya ce in duba saitin wayata.

Na sake kunna ta a makon ƙarshe na kakar 2024 don na ga inda aka dosa. Ranar 5 ga Janairun 2025 muka ci Buffalo a wasan da bai kamata mu ci ba, don cin nan ne ya sauko da mu daga lamba 1 zuwa lamba 4 a zaɓen sababbin 'yan wasa, muka sake gamawa da 4 da 13. Ban gama jin haushin ba wayar ta yi ƙara, an sallami Mayo bayan kaka ɗaya, ko Litinin ɗin ba a jira ba. Wannan karon sun riga talabijin ɗina, na yarda. Har na fara cewa to sun gyara, bari in yafe, uku zan ba su.

Kwana biyu bayan nan sai ga alat na banki, sun cire kuɗin sabuwar shekara. Ba imel, ba tambaya, kuma a daidai ranar da na fara biya bara, wato watan kyautar nan da aka yi min alkawari iska ce. Na nemi wajen sokewa a cikin manhajar babu, sai ka je shafinsu ta kwamfuta ka wuce tambaya uku na me ya sa za ka tafi, na huɗun kuma tayin rangwame. Na soke, suka ce kuɗin da aka riga aka cira ba ya dawowa. Naɗin Vrabel a matsayin kocin Patriots ranar 12 ga wata a cikinta na gani tunda dai na riga na biya dole, ya zo a kan lokaci, ban ji komai ba.

Na tura musu imel na uku da hoton alkawarin watan kyautar, yau kwana tara ba amsa, ko injin ma bai tanka ba. In aka kai Juma'a haka zan dawo in cire tauraron nan na biyu, rubutun ƙaurar dai na riga na kwafe shi na ajiye.