Darasin falsafa na yamma a Yantala, bayan wata uku

Wata uku ke nan da na sa ɗiyata, wadda ke shirin jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, a darasin falsafa da wani malamin lise (babbar sakandare) yake bayarwa da yamma a zauren gidansa da ke Yantala, nan Yamai, a kan jika biyar a wata. Da farko na yi ɗari-ɗari, domin a unguwarmu ana yawan cewa falsafa tana raba yaro da salla, shi ya sa ranar da aka zo babin addini na nemi izini na zauna a bencin baya.

Malam ya ɗauko Blaise Pascal, masanin lissafin nan na Faransa da ya rasu a 1662, wanda aka tattara rubuce-rubucensa aka buga a 1670. A ganin Pascal, hankali shi kaɗai ba zai iya yanke hukunci kan samuwar Allah ba, amma tun da babu damar tsayawa a tsakiya, gara mutum ya zaɓi imani: in ya dace ya sami ni'ima mara iyaka, in bai dace ba asararsa kaɗan ce. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai wannan caca ce." Malam bai tsawata masa ba. Ya miƙa masa alli, ya sa shi ya raba allo biyu, gefe guda abin da awo ko lissafi ke tabbatarwa, ɗaya gefen abin da zuciya ke sakankancewa da shi. Daga nan ya kawo Imam Gazali, wanda ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095, kuma ya faɗa da kansa cewa shakkar da ta taɓa kama shi ba jerin hujjoji suka warkar da ita ba, haske ne Allah ya jefa a ƙirjinsa. Ni kam lissafin Pascal bai gamsar da ni ba, domin ya yi kama da imanin ɗan kasuwa mai auna riba, kuma na yaba da yadda malam ya bar yaran suka faɗi hakan da bakinsu.

Inda ya gaza shi ne babin farin ciki. Pascal ɗin nan ya ce kowane mutum farin ciki yake nema, ga ƙofar haɗa darussan biyu a buɗe, amma malam ya sallami yara da takarda ɗaya mai dishi-dishi. Zauren ma ya yi musu kaɗan, kuma in an ɗauke wuta da fitilar salula ake ƙarasawa.

Na biya kuɗin wata na huɗu, tare da roƙon ya maimaita wancan babin kafin jarrabawa.