Tikitin Wimbledon: layi na bi, kuma ban yi nadama ba

Duk wanda ya ce zai samo maka tikitin Wimbledon, gasar tanis ta Landan, da araha ta bayan fage, riƙe kuɗinka. Da wannan zan fara, domin tun da na dawo Birnin Kebbi abokan da muke buga tanis da yamma suke tambayata wa ya haɗa ni da tikiti, nawa kuma na ba shi. Babu wanda ya haɗa ni. Layi na bi a makon farko na gasar 2025, lokacin da na je Landan ganin ɗiyata da ke karatu can, kuma fam 30 na biya a ƙofa. Da canjin wancan lokaci, da fam ɗaya ta haura naira 2,000, kuɗin sun ɗara naira 60,000 kaɗan.

Hanyar da aka fi sani ita ce ƙuri'a, wadda suke yi tun 1924. A watan Satumba ake buɗe ta domin gasar shekara mai zuwa. Mutum zai buɗe asusun myWimbledon a intanet, ya shiga, gida ɗaya sau ɗaya. Idan rabo ya rantse a ba ka damar sayen tikiti biyu, amma ba kai za ka zaɓi rana ko fili ba. Abin da ya faɗo maka shi ne naka. Adalci ne, ban musa ba. Sai dai ga mai tasowa daga Najeriya akwai nauyi, domin tikiti ba biza ba ne, kuma za ka biya kuɗinsa tun kafin ka san ko ofishin jakadanci zai amince maka. Idan bizar ba ta fito ba, ba ka da ikon sayar wa wani.

A nan ne dillalai ke cin kasuwarsu. Tikitin da dokar gasar ta yarda a sake sayarwa iri ɗaya ne kawai, na masu hannu da shuni da suka sayi kujera ta shekara 5. A babban filin da suke kira Centre Court, kujera ɗaya ta shekarun 2026 zuwa 2030 fam 116,000 aka sayar da ita. To mai irin wannan kujera ba zai ba ka yini guda a kan kuɗin cefane ba. Wani ɗan kasuwa mutumin garinmu ya tura wa wani mutum kuɗi ta intanet, aka aiko masa da hoton tikiti a waya, ya je har bakin ƙofa aka mayar da shi. Tikitin gaskiya cikin manhajar gasar yake zama, da sunan mai shi, kuma ana iya neman katin shaida mai hoto. Har yau idan aka tayar da maganar ransa ɓaci yake yi, kuma ina ganin da gaskiyarsa.

Shi ya sa nake yabon layin. A wani makeken filin ciyawa mai suna Wimbledon Park ake yinsa, tafiyar ƙafa kaɗan daga tashar jirgin ƙasa ta Southfields. Mun isa bayan asuba, gari ya riga ya waye tangaran, domin a bazarar can rana na fitowa tun kafin ƙarfe 5. Da na hango mutane jere sahu-sahu a kan ciyawa, sai masuntan Argungu a bakin Matan Fada suka faɗo mini a rai, kowa na jiran a ba da izini. Muna tsayawa a ƙarshen sahu wata dattijuwa cikin masu kula da layi ta miƙo wa kowannenmu kati mai lamba da kwanan wata. Ɗiyata ta ce, "Baba, ka adana shi da kyau, shi ne matsayinka. In ya ɓace sai dai mu koma baya." Na sa shi cikin aljihun gaba na riga, ina taɓawa lokaci-lokaci.

Wannan ɗan kati shi ne ya kashe duk wata rigima. Ba a kama wa wani wuri, ba a karɓar wa wanda bai zo ba, kuma in za ka je bayi ko sayen shayi kada ka wuce minti 30. Ban ga wanda ya ce a san shi ba, ban ga wanda ya zo da ɗan rakiya yana buɗa masa hanya ba. Na shimfiɗa darduma, muka ci abincin da muka taho da shi, har na yi ɗan gyangyaɗi ba tare da fargabar wani zai shige gabana ba. Masu neman manyan filaye kuwa kwana suke yi a tanti, wasu fiye da dare ɗaya, saboda kusan tikiti 500 kacal ake ware wa 'yan layi a kowane ɗaya daga cikin manyan filaye uku, kuma na Centre Court ba a sayar da shi a layi a kwanaki huɗu na ƙarshe. Jiran yana da tsawo, kada in ɓoye. Mai ciwon gwiwa ko dattijon da zama a ƙasa ke wahalar da shi ya yi tunani tukuna.

Ƙarfe 10 ake buɗe ƙofa. Jaka ɗaya aka yarda wa kowa, kada ta wuce santimita 40 a tsawo, 30 a faɗi, 30 a kauri, kuma ban da mai tauri irin akwati. Za a buɗe ta a duba. Abinci da ruwa suna shiga, wuƙa ba ta shiga, haka sandar ɗaukar hoto da babbar tuta. Kuɗin hannu ba su da amfani a ciki, kati ake gogawa. Katina na naira ban ma gwada shi ba, da na ɗiyata muka biya. Wanda ba shi da kowa can ya tanadi katin dala tun daga gida.

Fam 30 ɗin nan ba ta kai ka manyan filaye uku, amma sauran duk naka ne, kuma ni can na sami abin da na je nema. A ƙananan filaye ƙarfe 11 ake fara wasa, kuma tsakaninka da ɗan wasa taku kaɗan ne. Ina jin numfashinsa, ina ganin yadda ƙwallo ke sulɓewa ƙasa-ƙasa a kan ciyawa maimakon ta yi tsalle kamar yadda muka saba a filin siminti, har sai mutum ya durƙusa sosai kafin ya ɗauko ta. Na tsaya a Fili na 18 na karanta allon tunawa da wasan John Isner da Nicolas Mahut na 2010, wanda ya ci awa 11 da minti 5. Na kuma tuna cewa a wannan gasa Nduka Odizor, ɗan ƙasarmu, ya kai zagaye na huɗu a 1983. Doka guda da za ta iya ba baƙo mamaki: ba a shiga ko fita ana tsakiyar wasa, sai 'yan wasa sun zauna hutun sauya gefe. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma ba a shiga da su manyan filaye.

Akwai wata dama da mutane da yawa ba su sani ba. Daga ƙarfe 3 na rana ana sake sayar da kujerun waɗanda suka tashi suka tafi gida, a 2025 fam 15 ne a Centre Court, fam 10 a sauran biyun, kuɗin kuma asusun taimako na gasar suke tafiya. Mu ba mu nema ba, mun zauna a kan tudun da ke da babban allo muka kalli wasan yamma tare da dubban mutane.

Mai niyyar zuwa ta layi ya sauke manhajar ya buɗe asusu tun yana gida, ya tafi da rigar ruwa da ta sanyi ko da ya ga rana, kuma ya auna makon farko. A lokacin ne manyan 'yan wasa ke warwatse a ƙananan filaye. Zuwa ƙarshen gasar kuɗin tikitin na sauka, amma yawancin abin da ya rage a ƙananan filaye wasan bibbiyu ne da na matasa.