Murrow da Cronkite: wa ya fi a labaran yaƙi?

Malam, ka ce ka ji ana ambaton Edward Murrow da Walter Cronkite a matsayin manyan masu kawo labarai na Amurka a lokacin yaƙi, kana son sanin bambancinsu da kuma wanda ya fi. Duka biyun 'yan gidan rediyo da talabijin na CBS ne, amma ba aiki ɗaya suka yi ba, kuma ba yaƙi ɗaya ya fito da su ba.

Murrow mutumin rediyo ne. A 1937 CBS ta tura shi Landan, ba ma don kawo rahoto ba, aikinsa shi ne shirya jawabai da kaɗe-kaɗe da za a watsa zuwa Amurka. Sai Hitler ya haɗiye Ostiriya a watan Maris 1938. Ranar 13 ga wata CBS ta haɗa wakilai daga biranen Turai a shiri guda, kai tsaye. Robert Trout yana zaune a Niyok yana miƙa magana daga wannan zuwa wancan, Murrow kuma yana Biyana, babban birnin Ostiriya. Ka lura, Trout ne mai riƙe da shirin, Murrow wakili ne a fili. Irin tsarin nan ne da kunnenmu ya saba da shi a shirin asuba, mai gabatarwa ya ce ga wakilinmu daga wuri kaza.

Sunan Murrow ya fito ne a 1940, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen Jamus suka dinga ruwan bama-bamai a kan Landan, daga 7 ga Satumba, kusan wata biyu dare bayan dare. Amurka ba ta shiga yaƙin ba tukuna, mutanenta da yawa suna cewa rigimar Turai ce, ba ruwansu. Akwai wani dare a watan Agusta na shekarar, jiniya tana kuka, Murrow yana tsaye a dandalin Trafalgar. Sai ya sauke makirufo har ƙasa, don mai saurare a Amurka ya ji takun ƙafafun mutane suna tafiya mafaka, ba gudu, ba ihu. A wurina wannan takun ya fi dogon sharhi aiki. Daga baya ya hau rufin gini ya yi magana bindigogin kakkaɓo jirage suna tashi. A Disamba 1943 ya shiga jirgin yaƙin Ingila da ya je kai hari Balin, ya dawo ya ba da labari. A Afrilu 1945 ya shiga Buchenwald, sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi a Jamus, bayan an 'yantar da shi, ya gaya wa masu saurare cewa kaɗan kawai ya faɗa daga abin da ya gani, sauran ba shi da kalmomin faɗa, kuma in bayanin ya ɓata wa wani rai, shi ko kusa bai yi nadama ba.

Cronkite ma ya ga wancan yaƙin, amma da keken rubutu, yana aiki da kamfanin dillancin labarai na United Press. Murrow ya taɓa nemansa aiki a 1943, ya ƙi, sai a 1950 ya shigo CBS. A 1962 aka ba shi kujerar labaran yamma na talabijin, ya zauna a kanta har 1981. Da farko minti 15 ne shirin, a Satumba 1963 aka mai da shi 30. Shi aikinsa zama ne a tebur, ya karanta, ya haɗiye ra'ayinsa, ya rufe da cewa haka abin yake. Shekara da shekaru a kan haka, har mutane suka ɗauke shi kamar wani kawunsu da ba ya yi musu ƙarya.

Sai yaƙin Biyetnam. Amurka na da soja kusan rabin miliyan a can, hukuma na cewa nasara ta kusa. A ƙarshen Janairu 1968, cikin bikin sabuwar shekara da ake kira Tet, dakarun kwaminis suka auka wa birane da yawa lokaci guda, har suka kutsa harabar ofishin jakadancin Amurka a Saigon. Cronkite ya tashi daga tebur ya je ya gani da idonsa, ya shiga birnin Hue ana tsaka da faɗa. Ranar 27 ga Fabrairu, a ƙarshen wani shiri na musamman, ya ce wannan ra'ayinsa ne: ba a gab da nasara, ba a kuma gab da shan kashi, yaƙin ya cije, mafita ita ce a zauna a sasanta. Ranar 31 ga Maris Shugaba Johnson ya ce ba zai sake tsayawa takara ba. Za ka ji ana cewa maganar Cronkite ce ta karya shi. Kada ka saya da tsada, don goyon bayan yaƙin ya riga ya fara zagwanyewa tun kafin nan.

To wa ya fi? In gwanintar sana'a ake magana, Murrow ne, ba na ko tantama. Shi ya nuna cewa da murya kaɗai za a iya sa mutum ya ga abin da ke faruwa a wata nahiya, kuma shi ya tara su William Shirer da Eric Sevareid da Charles Collingwood, waɗanda suka zama ƙashin bayan labaran CBS. Amma in nauyin magana ake aunawa, zuciyata tana wajen Cronkite. Murrow yana ba da labarin yaƙin da shi da masu masaukinsa suke gefe ɗaya, kuma ƙasarsa ta biyo shi daga baya. Cronkite kuwa iyayen da 'ya'yansu ke fagen daga ya kalla a ido, ya ce musu abin ba zai kai inda aka yi musu alkawari ba. Amanar da ya yi shekara shida yana tarawa a kan kujerar nan ya ɗora a kan 'yan mintoci.

Kada a ce Murrow bai iya fuskantar nasa ba. A Maris 1954 ya tunkari Sanata Joseph McCarthy, mai farautar Amurkawa da zargin kwaminisanci, a talabijin, lokacin da manya ke tsoron mutumin. Amma Biyetnam ba ta same shi a bakin makirufo ba. Ya bar CBS a 1961 ya karɓi shugabancin hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Kennedy, ciwon dajin huhu kuma ya ɗauke shi a Afrilu 1965 yana da shekara 57, 'yan makonni bayan saukar rukunin farko na sojojin yaƙin Amurka a Da Nang, a Biyetnam ta Kudu.