Kalar ruwa ko akirilik, ga mai son zanen jirage da filaye

Ɗan uwa na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana so ka fara zanen jirgin ƙasa da jiragen ruwa da filaye don nishaɗi amma kuɗin hannunka na fenti ɗaya ne, kalar ruwa za ka saya ko akirilik. Na yi aiki da dukansu biyun, bari in faɗa maka abin da hannuna ya gani.

Kalar ruwa shara-shara ce, hasken takarda ne yake ratsowa ta cikinta, shi ya sa ake farawa da kala mai haske a ƙare da mai duhu, kuma duk farin da ka gani a zanen to takardar ce aka bari ba a taɓa ba, in ka shafe wurin shikenan ya tafi. Akirilik kuwa rufewa yake yi ruf, in ka yi kuskure sai ka bari ya bushe ka shafa wani a kai, har fari kana iya ɗorawa a kan baƙi.

To a jirgin ƙasa gaskiya akirilik ya fi. Kan jirgi da taragu ƙarfe ne, layuka miƙaƙƙu, tagogi a jere, kala mai kauri, ka dubi jirgin Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 in ya tsaya a Rigasa, irin wannan jikin mai sheƙi yana son fentin da zai zauna daram, sai ka manna salatif na takarda a gefen layin ka shafa, in ka ɓare ka ga bakin ya fita tsaf kamar da rula. Tsofaffin taragu masu tsatsa ma haka, ka ɗebi fenti mai launin ruwan ƙasa kaɗan da busasshen buroshi ka gurza a kan duhu, tsatsar za ta fito. Ni tsohon layin Kano ya fi ja na, tun 1911 jirgi ya iso garin kuma wurin yana da kamannin tsufa masu daɗin zana. Amma ka sani fenti ba ya gyara layin dogon da ya karkace, ƙarafunan nan biyu dole su dinga matsowa kusa da juna har su haɗu a ɗigo ɗaya can inda sama ta taɓa ƙasa, rufin taragun ma wajen ɗigon zai nufa, wannan da fensir da rula ake daidaita shi tun kafin a buɗe fenti.

In aka zo ruwa da sama kuma, nan kalar ruwa ta yi masa nisa. Ka ɗauki kwale-kwale a Yawuri, ko jirgin fito a Lokoja inda Neja da Binuwai suka haɗu, abin da ke ba zanen rai shi ne inuwar jirgin a cikin ruwa, yadda take karkarwa tana narkewa. Sai ka jiƙa takardar da ruwa zalla tukuna, ka ɗiga kalar, ka ja hannu a kwance sau biyu ko uku ka ƙyale ta, ita da kanta za ta bazu ta yi maka abin da za ka daɗe kana nema da akirilik. Haka hazon hunturu a kan Dutsen Dala, shafa ɗaya mai ruwa-ruwa ta gama magana. Wallahi ranar da na fara ganin haka a takardata na daɗe ina kallo.

Sai maganar yanayinmu. Da hunturu akirilik yana bushewa a faranti cikin 'yan mintuna kuma in ya bushe ruwa ba ya tayar da shi, buroshin da ka manta ba ka wanke ba ya zama itace, dole ka ajiye kwalbar feshi kusa. Kalar ruwa ko ta bushe ƙamas ka ɗiga mata ruwa ta dawo, babu asara. Matsalarta takarda, ta littafin makaranta lanƙwashewa take ta yi tudu da kwari, ka nemi mai kauri wadda aka rubuta giram 300. Akirilik kuwa ko a kwali ko falankin katako zai hau.

Tunda biyu daga cikin ukun da ka lissafa ruwa ne da fili, ni dai kalar ruwa zan ce ka fara saya, ƙaramin akwati mai kala 12 ya isa, ragowar kuɗin ka zuba a takarda da buroshi biyu, babba da siriri. Jirgin ƙasan ka dinga yinsa da fensir da baƙin biro kana ɗan shafa masa kala sama-sama har ka samu na akirilik. In za ka je tasha ka zauna zane ko ka ɗauki hoto, ka fara gaida ma'aikatan wurin ka nemi izini, ka nuna musu littafin zanenka.